Ƙwayoyin Tushe da Gyaran Guringuntsin Gaɓa: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Sayar Mana

Laccar da aka gabatar a unguwar Nassarawo, Jimeta

 

An nemi in yi magana a kan wani magani da sunansa ya cika gari, wanda masu talla ke kira sitem sel, mu kuma a wannan zama za mu kira shi ƙwayoyin tushe. Tambayar da ake yawan kawo mana ita ce: shin da gaske ne akwai allurar da ke mayar da gwiwar tsoho sabuwa? Masu wannan tambaya ba baƙi ba ne. Dattijon da ya koma yin salla a kan kujera a sahun gaba ne. Uwar da ke kai kaya Kasuwar Jimeta ce, wadda sai an kama mata hannu take sauka daga Keke Napep. Manomin rani ne a bakin tafkin Geriyo, wanda tsuguno ya gagare shi. Saboda haka zan ba da amsar a tsanake, don akwai gaskiya a cikin maganar, akwai kuma ƙarya mai yawa da aka jingina mata.

Mu fara da guringuntsin kansa. Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya ga farin abin nan mai sheƙi da santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi a wurin da gaɓa ta haɗu. Shi ne guringuntsin gaɓa. A gwiwar babban mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, kuma mafi yawansa ruwa ne, kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari. Ragowar wasu zaruruwa ne masu ƙarfi da suka saƙu, sai 'yan ƙwayoyin halitta ƙalilan da ke zaune jefi-jefi a ciki, kowace a kulle a gurbinta. Wannan ɗan siririn abu ne ke ɗaukar nauyin mutum shekara sittin, saba'in, ba tare da ƙashi ya gogi ƙashi ba.

Amma Allah Ya halicce shi babu jijiyar jini a cikinsa, babu kuma jijiyar jin zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake tsotsa, lokacin da mutum ya taka ya matse shi, ya ɗaga ya sake shi. A nan matsalar take. Idan ka yanke a hannu, jini ne ke kawo ƙwayoyin da za su rufe raunin. Idan ƙashi ya karye, jini ne ke kawo masu ɗinke shi, shi ya sa ɗori ke kamawa. Guringuntsi kuwa ba wanda ke zuwa masa ɗauki. Kuma da yake ba ya jin zafi, yakan daɗe yana lalacewa mai shi bai sani ba. Ranar da ciwo ya fara, galibi ɓarnar ta riga ta kai ga ƙashin da ke ƙasa da kewayen gaɓar. Tun a shekarar 1743 wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma sama da shekara ɗari biyu likitoci suka yi a kan wannan magana.

Yawan masu fama ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da ciwon zaizayewar gaɓa, wanda mu a nan muke haɗa shi da sauran ciwuka mu ce sanyin ƙashi. A cikinsu miliyan 365 a gwiwa ne, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne.

To mene ne ƙwayoyin tushe? Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da aikinta: ta fata, ta jini, ta tsoka. Akwai wasu kuma da ba su riga sun kama sana'a ba. Suna iya haifar irinsu, suna kuma iya rikiɗewa su zama wani nau'in. Mafi shahara su ne na cikin ɓargo, waɗanda ke ƙera mana jini kullum. Wani masani ɗan Rasha, Alexander Friedenstein, ya gano a shekarun 1960 da 1970 cewa a cikin ɓargon nan akwai wani nau'i na biyu, wanda a ɗakin gwaji yake iya zama ƙashi. Bincike ya ci gaba, aka ga yana iya zama kitse da guringuntsi ma, aka kuma same shi a cikin kitsen jiki da igiyar cibiyar jariri. Daga nan fata ya taso: idan guringuntsi ba ya iya kiran masu gyara, me zai hana mu kai masa su da hannunmu?

Hanya ta farko da aka bi mai sauƙi ce. Likita yakan shiga gwiwa da na'urar hange, ya huhhuda ƙashin da ke ƙarƙashin wurin da ya ɓare, jinin ɓargo ya ɓullo ya daskare a ramin. Wani likitan Ingila, Kenneth Pridie, ya bayyana irin wannan aiki a 1959, sannan Richard Steadman na Amurka ya gyara shi a shekarun 1980. Ramin yakan cike, amma abin da ke tsirowa ba ainihin guringuntsin gaɓa ba ne. Wani nau'i ne mai kama da tabo, wanda bai kai na asali juriya ba, kuma bayan wasu shekaru yakan soma zaizayewa.

Babban ci gaban ya zo daga birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin. Likitoci Lars Peterson da Mats Brittberg da abokan aikinsu suka ɗebi ɗan guntun lafiyayyen guringuntsi daga gefen gwiwar majiyyaci, suka raini ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji na wasu makonni har suka zama miliyoyi, suka sake buɗe gwiwar suka zuba su a ramin suka rufe. A 1994 suka wallafa sakamakon mutum 23. A cikin 16 da ramin ke kan ƙashin cinya, 14 sun samu sakamako mai kyau bayan shekara biyu. A cikin 7 da matsalarsu ke bayan ƙoƙon gwiwa, biyu kacal suka samu haka. Ku lura da abu biyu. Waɗannan ƙwayoyin guringuntsi ne na mutumin kansa, ba ƙwayoyin tushe ba. Sannan majiyyatan matasa ne da masu matsakaicin shekaru, daga 14 zuwa 48, masu rami guda a gwiwar da sauranta ke lafiya. Amurka ta amince da wannan hanya a 1997, da ingantacciyarta a 2016, kuma har gobe ana yin ta ga irin waɗannan mutane.

Ina so wannan bambanci ya zauna a zukatanmu, don shi ne ƙashin bayan laccar nan. Sabon zane da ƙusa ta yaga, tela zai yi masa faci ya koma aiki. Zanen da ya tsufa ya sanye ko'ina, babu inda zare zai kama. Yaron da ya ji rauni a filin ƙwallo, ko wanda babur ya kayar guringuntsinsa ya ɓare a wuri guda, shi ne na farko. Hajiyar da ta haura sittin, ƙafafunta sun gwame, ƙashi na gugar ƙashi, gaɓar na kumbura, ita ce ta biyu. Ciwonta ba na guringuntsi kaɗai ba ne. Ƙashin ya sauya siffa, jijiyoyin sun saki, tsokar cinya ta yi rauni, nauyi ya karkata gefe guda. Ko an zuba sababbin ƙwayoyi, cikin wannan hali za su faɗa.

Da aka zo ga ƙwayoyin tushen kansu, Japan da Koriya ta Kudu suka shige gaba. A 2002 likita Shigeyuki Wakitani ya ba da rahoton dasa ƙwayoyin ɓargo a gwiwar masu zaizayewar gaɓa. Da aka leƙa daga baya, wurin ya fi cikewa a waɗanda aka dasa wa, amma sauƙin da suka ji bai bambanta sosai da na waɗanda ba a dasa wa ba. A Janairun 2012 Koriya ta Kudu ta ba da lasisi ga wani magani mai suna Cartistem, da ake haɗawa daga jinin cibiyar jarirai. Wannan ma ba allurar sha-yanzu-magani-yanzu ba ce. Tiyata ake yi, a huda ƙashi, a shafa shi a wurin, mutum ya yi makonni da sanduna da atisayen gaɓa. Akwai kuma aikin Shinya Yamanaka na Japan, wanda a 2006 ya nuna ana iya mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar tushe, ya samu kyautar Nobel a 2012. Ana gwada ƙera guringuntsi daga irin waɗannan, amma a hankali, saboda ƙwayar da ke iya zama komai tana iya zama ƙari idan ta kuɓuce.

Abin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda kuma ake tallata wa masu hali a cikinmu su tafi Indiya ko Dubai ko Masar, shi ne a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu ko kitse daga ciki, a juya shi a na'ura, a yi allurarsa cikin gwiwa a rana guda. An gwada wannan gwaji na gaskiya. A 2023 likitoci a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Kenneth Mautner na Jami'ar Emory, suka wallafa binciken mutum 480 masu zaizayewar gwiwa. An yi wa wasu allurar ɓargo, wasu ta kitse, wasu ta ƙwayoyin igiyar cibiya, wasu kuma tsohuwar allurar rage kumburi mai araha da asibitocinmu ke da ita. Bayan wata 12, babu ko ɗaya daga cikin allurar ƙwayoyin nan uku da ta fi mai arahar rage ciwo, kuma hoton gwiwa bai nuna guringuntsi ya dawo ba. Tun kafin nan, a 2019, ƙungiyar likitocin ciwon gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar kada a riƙa yin wannan allura ga masu zaizayewar gwiwa da kwatangwalo, kuma hukumar kula da magunguna ta ƙasar ba ta amince da wata allurar ƙwayoyin tushe don ciwon gwiwa ba. Shi kansa Arnold Caplan, masanin da ya raɗa wa waɗannan ƙwayoyi suna a 1991, ya fito a 2017 ya ce a jikin mutum yawancinsu ba sa rikiɗewa su zama sabon nama, sinadaran kwantar da kumburi suke fitarwa na ɗan lokaci. Wannan ya bayyana dalilin da wasu ke jin sauƙi na watanni, ciwon kuma ya dawo.

Ba kuma za a ce idan bai yi amfani ba ba zai cutar ba. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar wani haɗin jinin cibiya da ya gurɓata da ƙwayoyin cuta, wasunsu a cikin gaɓa. Gaɓar da ta kama ruwa ta yi mugunya tana iya lalacewa cikin kwanaki.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato garin nan da ake sayarwa a 'yan ƙananan leda, a ce a zuba ƙarƙashin harshe, wai ƙwayoyin tushe ne na tuffa ko inabi. Ana yawo da shi ofis-ofis, ana tura tallarsa a WhatsApp, a ce yana maganin gwiwa da ciwon suga da hawan jini da sikila da rashin haihuwa gaba ɗaya. 'Yan'uwa, ƙwayar tsiro ba ta zama naman mutum. Ƙwayar da aka busar aka niƙa ta mutu. Abin da aka haɗiye kuma ciki ne ke narkar da shi kamar kowane abinci. Lambar NAFDAC da ake nuna muku a jikin kwali, idan ma ta gaske ce, rajistar ƙarin abinci ba shaidar warkar da cuta ba ce. Na ga 'yan fansho da suka zuba kuɗin sallamarsu a wannan abu, na ga masu ciwon suga da suka ajiye maganinsu saboda shi. Masu sayarwa da yawa 'yan'uwanmu ne da su ma aka yaudara, aka sa suka sayi kaya da alkawarin riba. Ina roƙonsu su ji tsoron Allah su daina.

Shin ke nan babu rabonmu a wannan ilimi? Akwai, kuma a inda ba a cika zato ba: wajen 'ya'yanmu masu amosanin jini, wato sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. A ƙasar nan an riga an yi aikin ƙwayoyin tushe na haƙiƙa saboda wannan cuta. A 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin likita Nosakhare Bazuaye, ya yi wa wani yaro dashen ɓargo daga ɗan'uwansa, a 2024 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa. Wannan na jini ne, amma akwai wanda ya shafi gaɓa kai tsaye.

Mai sikila, idan jini ya toshe a kan ƙashin cinya inda ya shiga kwatangwalo, ƙashin yakan mutu daga ciki. Da farko guringuntsin da ke samansa lafiya lau yake. Sai ƙashin ya ruɓe ya rufta, sannan guringuntsin ya bi shi, gaɓar ta tafi, ƙafa ɗaya ta gajarce, saurayi ɗan ashirin ya koma ɗingishi. Wani likitan Faransa, Philippe Hernigou, ya riƙa huda ƙashin nan kafin ya rufta, ya zuba masa tataccen ɓargon majiyyacin. A 2002 ya wallafa sakamakon kwatangwalo 189 na masu wannan matsala daga dalilai daban-daban, har da sikila. A cikin 145 da aka yi wa aiki kafin ruftawa, 9 ne kawai daga baya suka buƙaci gaɓar ƙarfe. A cikin 44 da aka yi wa bayan ruftawa, 25 sun buƙata. Aikin ɗaya ne, likitan ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya bambanta. Saboda haka iyaye, idan yaronku mai sikila ya fara kukan ciwo a matsematsi, ko cinya, ko gwiwa ba tare da ya faɗi ba, ko kuka ga tafiyarsa ta canja, kada ku ce ciwon da ya saba ne. Kada a kai shi wurin mai ɗori, domin ba karaya ba ce. A kai shi Asibitin Ƙwararru da ke nan Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da muka fi sani da FMC, a nemi ganin likitan ƙashi. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna farkon matsalar, don haka idan likita ya nemi hoton MRI, ba son kashe muku kuɗi yake ba. Ko huda ƙashin kaɗai, ba tare da ƙarin ɓargo ba, yana taimakawa idan an zo da wuri.

Wani abin da ke kashe kan ƙashin nan shi ne yawan shan magunguna irin su Dexamethasone da Prednisolone ba bisa umarnin likita ba. Su ne ake cusawa a cikin haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis, su ne kuma wasu 'yan mata ke sha don ƙiba. Ga Diclofenac da Ibuprofen da tsofaffinmu ke sha safe da yamma shekara da shekaru, suna ci musu ciki da ƙoda. Mutum ya zo da ciwon gwiwa, ya ƙare a na'urar wankin ƙoda.

Malamanmu na addini na nan, kuma na san tambayar halasci na zukatan wasu. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 2003 ta yanke cewa ya halatta a yi amfani da ƙwayoyin tushe don magani da bincike idan an samo su ta halastacciyar hanya, kamar daga babban mutum da izininsa ba tare da cutar da shi ba, ko daga mabiyiya da cibiya da izinin iyaye. Ta haramta a zubar da ciki da gangan don samun su. Duk hanyoyin gyaran gaɓa da na ambata, daga ɓargo ko kitse ko guringuntsi ko fata ko cibiya suke.

To Baba mai salla a kujera fa, da Hajiya mai gwamammiyar ƙafa, me muka tanadar musu? Abin da bincike ya tabbatar ba ya da kwarjinin talla, amma yana aiki. Rage ƙiba na gaba da komai, don an auna an ga kowane kilo guda da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Sai ƙarfafa tsokar cinya. Mutum na zaune a kujera ya miƙe ƙafa, ya riƙe, ya sauke, ya maimaita, safe da yamma, kuma sashen gashin ƙashi na asibitocinmu zai koya masa sauran. Kwanciya ba ta hutar da gwiwa, tunda na gaya muku da motsi guringuntsi ke cin abinci. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da sanyin safiya magani ce. Sanda ba abin kunya ba ce, a riƙe ta a hannun da ke gefen lafiyayyar ƙafa, ba gefen mai ciwon ba. 'Ya'ya ku sa wa iyayenku masai na zama, ko kujerar da aka huda, ku ɗaga musu gado da murhu. Idan gaɓa ta ƙare gaba ɗaya, ciwo ya hana barci, akwai musanya ta da ta ƙarfe da roba, aikin da John Charnley ya kafa a kan kwatangwalo a Ingila tun farkon shekarun 1960, wanda ake yi a nan gida a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da aka buɗe tun 1959. Yana da tsada, amma an san sakamakonsa, kuma gaɓar takan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin ko fiye.

Ni ina da yaƙinin cewa ƙannenmu da ke karatun likita yanzu za su ga ranar da ƙera guringuntsi zai zama aikin yau da kullum, domin binciken na tafiya da gaske. Ina kira ga gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na Adamawa su fara da abin da ke kusa: na'urar hoto mai aiki da farashin da talaka zai iya, ƙarin likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi, da duba kwatangwalon masu sikila a kai a kai. Ku kuma jama'a, duk wanda ya zo muku da maganar allurar ƙwayoyin tushe, a gida ko a waje, ku tambaye shi daga ina aka samo ƙwayoyin, wace hukuma ce ta amince da su don ciwon gwiwa, a kan mutum nawa aka gwada, kuma wa zai ɗauki nauyi idan gaɓar ta kama ruwa. Ku kawo amsar wa likitan ƙashi kafin ku sayar da gona ko saniya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.